Darasin Lafiya: Sanyin Hunturu da Shanyewar Ɓarin Jiki

A karanta wannan darasi bayan an gama zubi an kulle akwati. Ya fi kyau a yi shi a cikin watan Nuwamba, kafin sanyi ya kankama. Idan lokaci ya ƙure, a raba shi zama biyu.

 Yau ba lissafin bashi da riba za mu yi ba. Magana ce a kan wata cuta da na ga ta cinye jarin mace a dare ɗaya, kuma a gidanmu na gani.

Gwaggona, yayar mahaifina, ƙosai take soyawa a wani ƙauye a ƙasar Kiru. Shekarunta sun ɗan haura hamsin, kuma ban taɓa ganinta kwance da rana ba. Wata asuba a watan Janairu, ana irin sanyin nan da ko kare ba ya son fita, ta tashi tun kafin assalatu kamar yadda ta saba. Daga ita sai zane da 'yar riga ta shiga makewayi, ta fito ta yi alwala da ruwan da ya kwana a buta a tsakar gida. A bakin ƙofar ɗakinta ta faɗi. Da muka ɗago ta, baki ya karkace, hannun dama ya saki, tana son magana harshe ya yi nauyi.

Nan take aka ce ta gamu da iska a makewayi. Aka kawo hayaƙi, aka kawo rubutu, aka kawo man shafawa. Ana ɗura mata rubutun tana ƙwarewa, muna cewa aljanin ne ba ya so. Ni da bakina na faɗa, kuma ni na riƙe kaskon hayaƙin. Sai a kwana na huɗu aka kai ta Kano. Da aka ɗauki hoton kanta, likita ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, ya tambaya ko tana da hawan jini. Ashe shekara biyu kafin nan an gaya mata tana da shi. Ta sha magani wata guda, ta ji garau, ta ajiye.

Gwaggo tana nan da ranta, alhamdu lillahi, amma jan ƙafa take yi, hannun bai dawo ba. Kaskon ƙosai ya kife. Awakinta uku duk sun tafi a kuɗin asibiti, autarta kuma ta bar makaranta tana jinya.

Ni ba likita ba ce, diflomata a kan raya karkara ce. Abin da ke cikin darasin nan na samo shi ne daga horon da aka ba mu, da tambayar ma'aikatan lafiya, da karatun da na yi bayan abin ya faru. Darasin ba zai maye gurbin asibiti ba.

Mene ne shanyewar ɓarin jiki?

Mu mutanen yankin Tiga da Bagauda ba sai an yi mana dogon bayani a kan ban ruwa ba. Ƙwaƙwalwa kamar lambu take, jijiyoyin jini su ne hanyoyin ruwa, zuciya kuma ita ce inji. Fangali yana bushewa ta hanya biyu. Ko dai laka da ciyawa su toshe hanyar ruwa, ko kuma tiyo ya fashe, ruwa ya malale inda ba a so, inda ake so kuma ya rasa. To haka ƙwaƙwalwa. Wani lokaci gudan jini ne yake toshe jijiya, wani lokaci jijiyar ce take fashewa. Duk wanda ya faru, sashen ƙwaƙwalwar da ya rasa jini yana fara mutuwa a cikin 'yan mintoci.

Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi yake juya dama na jiki, na dama kuma yana juya hagu. A yawancin mutane magana a hagu take. Shi ya sa Gwaggo ta rasa hannun dama da magana tare. Ciwon a kai yake. Duk man da muka shafa a hannu, ba inda ciwon yake muka shafa ba.

An yi wani babban bincike a Najeriya da Gana mai suna SIREN, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, kuma da asibitocin Kano da Zariya a ciki. A sakamakon da suka fitar a 2018 sun duba mutum fiye da 2,000 da suka sami wannan ciwo. Kusan kashi biyu cikin uku toshewa ce, kashi ɗaya kuma fashewa. Matsakaicin shekarunsu 59, wato ba tsofaffi tukuf ba ne, mutane ne masu riƙe da gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kusan tara cikin goma na ciwon yana da nasaba da hawan jini. Sauran abubuwan da suka lissafa sun haɗa da ciwon sukari, kitse a jini, tumbi, ƙara gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, damuwa, taba, rashin motsa jiki da ƙarancin cin ganye.

To ina sanyi ya shigo?

Sanyi shi kaɗai ba ya shanye ɓarin jikin mai lafiya, in ba haka ba da duk 'yan ban ruwa sun kwanta. Kuma ana samun ciwon da bazara, ana samunsa da damina. Abin da sanyi yake yi shi ne ya ingiza wadda dama tana bakin rami.

Idan sanyi ya bugi fata, jiki yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini don kada ɗumi ya fita. Shi ne kuke ganin yatsu sun yi fari sun ƙandare. Ku tuna yadda yaro yake danne bakin tiyo da yatsa, ruwa ya yi tsartuwa da ƙarfi. Inji bai canza ba, ruwa bai ƙaru ba, hanya ce ta ƙuntata. Haka jini yake hawa idan jijiyoyi suka tsuke. Sabon tiyo zai jure. Tiyon da ya shekara goma yana shan matsi, wato jijiyar mai hawan jinin da ba ta shan magani, shi ne yake fashewa.

An auna wannan. A ƙasar Sin an bi awon jinin mutum kusan rabin miliyan a yankuna goma, aka fitar da sakamako a 2012. An tarar lambar sama ta awon jini tana ƙaruwa da kusan 10 a lokacin sanyi idan aka kwatanta da lokacin zafi. Ga wadda jininta yake 120, ƙarin 10 ba wani abu ba ne. Ga wadda take yawo da 170 ba ta sani ba, wannan ƙarin ba wasa ba ne.

Na biyu, a cikin sanyi jini yana ƙara kauri, yana saurin yin guda. Hunturunmu kuma ya zo da nasa ƙarin. Iskar busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi da fata, ga leɓe yana tsagewa, ga kaushi, amma ba ma jin ƙishi. Sai mace ta wuni tana aiki ba ta sha ruwan kirki ba, don ruwan randa ya yi sanyi. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara wa jini kauri.

Na uku, lokacin. Ko ba sanyi, jinin ɗan'adam yana sauka idan yana barci, ya yi sama da sauri idan ya farka. Likitoci sun daɗe da lura cewa shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa daga asuba zuwa hantsi. Yanzu ku haɗa lissafin da kanku. Jini yana hawa don an farka, an fito daga cikin bargo zuwa tsakar gida, an tsuguna an yi yunƙuri a makewayi, an zuba ruwan sanyi a fuska da hannu da ƙafa. Duk a cikin minti goma. Kun ga dalilin da ya sa ake yawan faɗuwa a makewayi ko a hanyarsa. Da na fahimci wannan sai na gane inda zancen iskar makewayi ya samo ƙarfi. Iyayenmu sun lura da wurin daidai, sun lura da lokacin daidai, fassarar ce ta bambanta.

Sai mura da tari da ciwon haƙarƙari da suke yawa a wannan lokaci. Zazzaɓi da kumburin cikin jiki da suke kawowa suna ƙara haɗarin gudan jini na 'yan kwanaki. Ƙurar hazo da hayaƙin itace ma suna shiga huhu su wahalar da jijiyoyi.

Wata za ta ce, Malama, ai wannan zancen ƙasashen ƙanƙara ne, sanyinmu har nawa yake? Ni ma haka na ɗauka. Amma a 1997 an fitar da wani bincike da ya kwatanta yankunan Turai, aka tarar sanyi ya fi kashe mutane a Atina ta ƙasar Girka, inda sanyin bai da tsanani, fiye da kudancin Finlan inda ƙanƙara take rufe ƙasa. Dalili kuwa, mutanen Finlan sun shirya wa sanyi, gidajensu da ɗumi, yawancinsu ba sa fita ba hula. Mutanen Atina kuma suna raina shi. Mu ma masu rainawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗumin ɗakin kwana kada ya gaza digiri 18. A ƙasar Kano, a Disamba da Janairu, awon asuba yana sauka ƙasa da 15, wani lokaci ya kusanci 10, sannan da rana ya haura ya kusanci 30. Ɗakin kwano ba silin kuma duk abin da ke waje shi ne a ciki. Waɗanda ke bakin ruwan Tiga, da mutanen Doguwa da Riruwai a cikin duwatsu, da na gefen dajin Falgore, ba sai na gaya muku ba. Sanyin da alkama take so, shi ne jijiyar mai hawan jini ba ta so.

Wa ya kamata ta fi kula?

Duk wadda aka taɓa gaya wa tana da hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya. Duk wadda ta haura arba'in. Wadda uwarta ko ubanta ko ɗan'uwanta ya taɓa shanyewa. Da wadda ita kanta ta taɓa samu, ko da ya warware.

Amma ina so in daɗe kaɗan a kan masu ciki da masu jego, don kullum ana ɗauka ciwon tsofaffi ne. Hawan jinin ciki, wanda yake kawo kumburin fuska da ciwon kai da jijjiga, yana iya fasa jijiya a kan yarinya 'yar shekara ashirin. Haɗarin ba ya ƙarewa ranar haihuwa, yana nan har a yi arba'in. A daidai wannan lokaci ne kuma muke ɗura wa mai jego kunun kanwa, wai don a kori sanyi. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke cikin gishiri yana hawar da jini yana cikinta. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta a kan yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna lamarin ya fi kanwa faɗi, akwai rashin abinci mai gina jiki da wasu dalilai. Duk da haka, macen da aka ce jininta ya hau da ciki, ko ƙafarta ta kumbura, ba ta da abin yi da kunun kanwa. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya. Na san wannan magana ba za ta yi wa wasu iyayenmu daɗi ba, kuma da ladabi nake faɗa. Ku da kuke surukai da ungozomomi a cikinmu, a hannunku abin yake, don mai jego ba ta iya yi muku musu.

Sai yara masu sikila. Kun san yadda sanyi yake tayar musu da ciwo. Idan ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. A Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala ana yin wani awo da na'ura a gefen kan yaro, ba allura ba ciwo, wanda yake nuna yaron da ke cikin haɗari don a sa shi a magani. Mai irin wannan yaro ta tambaya idan ta je asibitin sikila.

Abin da za mu iya yi a gida

Mafi girma a ciki shi ne awo. Hawan jini ba ya sallama. Mace tana iya yawo da shi shekara da shekaru ba ciwon kai ba jiri. Awon yana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Wajen 120 bisa 80 lafiya ne. Idan aka auna a ranaku daban-daban aka ga 140 bisa 90 ko fiye, hawan jini ne, sai a ga ma'aikacin lafiya. Idan ya kai 180 bisa 120, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. Ku riƙa tambayar lambar, ku sa a rubuta muku a takarda. "Ya ɗan hau" ba lamba ba ce.

Wadda aka ɗora a kan magani, don Allah kada ta ajiye don ta ji sauƙi. Sauƙin da kika ji aikin maganin ne. Hawan jini ba kamar zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a gama. Kuma na lura da wani abu a ƙungiyoyin da nake zagayawa: a watannin sanyi ne bukukuwa suke yawa bayan kaka, kuɗin magani sai ya tafi a anko da gudummawa. Anko zai dawo baɗi.

Maganar asuba kuma mai sauƙi ce. Idan kin farka, zauna a bakin gado minti biyu ko uku kafin ki miƙe. Sa rigar sanyi, ɗaura kallabi ya rufe kunne, sa safa da takalmi, sannan ki fita. Ki ajiye ruwan ɗumi a fulas tun da dare saboda alwala, ko ki ɗora a kan murhu. Na tambayi malamai, babu laifi a yi alwala ko wanka da ruwan ɗumi, kuma addini ya yi wa marar lafiya sauƙi. Tsohuwar da ke gidanki, a ajiye mata fo a ɗaki da dare, ba abin kunya ba ne. Masu ƙosai da waina da koko, da masu gumin shinkafa a Tudun Wada, da masu fita tsinkar tumatir da sassafe, ku ne kuka fi shan wannan sanyi. Wutar murhu tana gasa gaba ne kawai, baya yana waje.

Kaskon garwashi a ɗaki kuwa, a nan sai na ɗaga murya. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. A ɗakin da aka toshe ko'ina tana iya kashe mutane suna barci, ban da gobara. A ɗumama ɗaki kafin a kwanta, a fitar da kaskon, sannan a rufe ƙofa. A toshe ɓarakar taga da tsumma, a shimfiɗa buhu ko kwali a ƙarƙashin tabarma, a haɗa yara a bargo.

Ruwa, a sha ko ba ƙishi, mai ɗumi ma ya fi. Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 a wuni, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙule da farin magi da kanwa da yajin barbaɗawa. Ku ƙirga dunƙulen da kuke jefawa a tukunya ɗaya. A rage sannu a hankali, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, bayan mako kaɗan harshe zai saba, maigida ma ba zai gane ba. Ganye kuwa Allah ya hore mana: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, ga kabeji da latas na lambu a daidai wannan lokaci da araha.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba shi ne maganin mura da na ciwon jiki. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna tsuke jijiyoyi su hawar da jini. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diklofenak da ibuprofen ma, idan ana yawan sha, suna hawar da shi. Mai hawan jini kada ta karɓi haɗin kemis ko na mai talla a ka ba tare da ta ce tana da hawan jini ba.

Idan abin ya faru

Ku haddace kalmomi huɗu: fuska, hannu, harshe, hanya.

Fuska: ki ce ta yi murmushi ko ta nuna haƙora. Gefe ɗaya ya zube? Hannu: ki ce ta ɗaga duka biyu. Ɗaya yana faɗuwa? Harshe: ki ce ta faɗi sunanta da na garinsu. Maganar ta yi nauyi, ko ta rikice, ko ba ta gane abin da kike faɗa? Idan ko ɗaya daga cikin ukun nan ya bayyana farat ɗaya, sai na huɗu, a kama hanya. Haka nan idan gani ya ɗauke kwatsam, ko jiri ya hana tsayuwa, ko ciwon kai ya sauko irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Kafin mota ta zo, a kwantar da ita a kan gefenta, a sassauta ɗaurin zane, a lulluɓe ta. Kada a ba ta komai ta baki, ko ruwa, ko kunu, ko rubutu, ko magani. Ciwon yakan taɓa maƙogwaro, abin da aka ɗura sai ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya zama ciwon da yake kashe da yawa daga cikin waɗanda shanyewar ba ta kashe ba. Ƙwarewar da Gwaggo take yi ke nan, muna cewa aljani. Kada a ba ta asfirin, don idan fashewa ce zai ƙara zubar jinin, kuma ba mai iya bambance toshewa da fashewa da ido, sai hoton kai. Kada a yi tsaga, kada a yi ƙaho. A riƙe lokacin da aka gan ta lafiya na ƙarshe, ko da a ce "bayan kiran sallar farko", a tafi da kwalayen duk magungunan da take sha.

Ban ce kada a yi addu'a ba. A yi, a cikin mota, ana tafiya ana tofawa. Addu'a ba ta hana tafiya, tafiya ba ta hana addu'a.

Akwai allurar da take narkar da gudan jini, amma sai a cikin awa huɗu da rabi na farko take aiki. Ba zan ɓoye muku ba, ba ko'ina ake samunta a ƙasar nan ba, kuma tana da tsada. Daga Bagauda zuwa Kano tafiyar kusan awa guda ce, daga Doguwa kuwa ta ninka haka har da ƙari. Duk da haka zuwa da wuri yana da riba ko ba allurar. Za a auna sukari, don faɗuwar sukari tana kwaikwayon wannan ciwo kuma ana gyara ta nan take. Za a daidaita jini a hankali, a duba haɗiya, a sa robar abinci idan da buƙata, a koya wa masu jinya juya ta don kada baya ya yi gyambo, a fara gashin ƙashi da wuri. A fara da babban asibitin da ya fi kusa, su za su tura Kano idan ana buƙatar hoto.

Wani lokaci baki yana karkacewa ko hannu ya mutu, bayan minti goma ko awa guda ya warware. Sai a ce alhamdu lillahi, iska ce ta wuce. Wannan gargaɗi ne, babban yana iya biyowa baya a cikin 'yan kwanaki. Ranar za a je asibiti.

Aikin ƙungiya

Tsarin adashin gata da muke bi ya samo asali ne daga matan yankin Maraɗi a Nijar, inda ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara. Tun farko an ware asusun taimakon juna daban da kuɗin bashi, saboda irin wannan rana. A gidanmu abin da ya cinye kwana huɗu ba imani da iska kaɗai ba ne. Babu kuɗin mota a hannu, kuma mijin Gwaggo yana Legas, ana jiran izininsa.

Ga abin da nake ba da shawara ku tattauna. Kuɗinku ne, ni ba ni da ƙuri'a.

Na farko, a rubuta a dokokin ƙungiya cewa idan 'yar ƙungiya ko wani na gidanta ya nuna alamun nan, ana fitar da kuɗin mota nan take, ba sai ranar zama ba. Tun da akwati kwaɗo uku ne, kuma masu makulli ba gida ɗaya suke ba, ku yanke yadda za a yi da tsakar dare. Wasu ƙungiyoyi suna ware wani adadi a hannun mace ɗaya amintacciya, ana ƙirga shi a gaban kowa duk mako.

Na biyu, a sami direba ɗaya ko biyu a gari da suka yarda a tashe su kowane lokaci, a yi ciniki tun yanzu, a rubuta lambarsu a bangon littafin magatakarda, kowa kuma ta sa a wayarta ko ta ɗanta.

Na uku, kowace ta nemi izinin maigida tun ana lafiya: idan ba ka nan abu kaza ya faru da ni, ko da Inna, ko da yaro, ka yarda a wuce asibiti? A faɗa a gaban uwar miji ko wani babba a gidan. Yawancin maza ba sa ƙi idan an tambaye su cikin natsuwa.

Na huɗu, na'urar awon jini mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Idan ku 25 ne, kowace ta ƙara naira 100 a mako, kuna da naira 2,500 duk mako, a mako 12 kun tara naira 30,000. Ku aika a tambayo farashi kafin ku yanke, don kaya kullum tashi suke. Idan an saya, a roƙi ma'aikaciyar lafiya ta asibitin garinku ta koya wa mata biyu masu karatu yadda ake awo: a zauna a huta minti biyar, baya a jingine, hannu a kan wani abu daidai ƙirji, ba surutu. Masu awon ba likitoci ba ne, ba sa ba da magani, aikinsu su rubuta lamba su ce je ki asibiti. Kuma lambar mace sirrinta ce, kada a ji ta a gidan suna.

Kafin a tashi, ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ta zama marar lafiya, ɗaya ta gwada ta da fuska, hannu, harshe, sannan ku canza. Za a yi dariya, ba komai, a maimaita har sai wadda ba ta karatu ma ta iya faɗar kalmomin huɗu ba tuntuɓe.

Zama mai zuwa kowace ta zo da amsar maigidanta, wadda take shan maganin hawan jini ko na sukari kuma ta zo da kwalinsa, ko da ya ƙare. Magatakarda ta zo da sunan direban da aka samu da kuɗin da ya ce zai karɓa zuwa asibiti mafi kusa, da kuma zuwa Kano.